Sabulun wankanmu mai kashe ƙwayoyin cuta zai yi wa kare maganin ƙuraje?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masana kiwo a taimaka min da shawara. Ina da karen gadi a gidan gonata, irin namu na gida ne, bai cika shekara ba. Tun da damina ta kankama ƙuraje suka feso masa a ciki da matsematsi. Wasu da farar mugunya a kai, wasu sun fashe sun bushe sun bar zobe-zobe, gashin wurin yana zubewa. Yana ta susa yana lasa, ga ɗan wari. Abinci kam yana ci lafiya lau. Akwai sabulun Dettol a gida, sai na ce tunda an rubuta yana kashe ƙwayoyin cuta, ko in sa yaron da ke kula da shi ya riƙa yi masa wanka da shi kullum? Ko akwai illa?

Kwamared_Auwal:
Wa alaikumus salam. Kare da sabulun Dettol! Alhaji mu da muke wanka da sabulun wanki a duba mu mana.

Sani_Bakanike:
Alhaji kada ka wahalar da kanka. Ka samo baƙin mai wanda aka juye daga inji, a shafe shi da shi tun daga wuya har wutsiya. Haka ake yi a garejinmu, ƙazuwa ba ta kwana.

SarkinBaka_Ningi:
Sani, kar ka sake ba wani wannan shawarar. Na girma cikin karnukan farauta, na ga abin da baƙin mai ke yi. Kare ba ya barin abu a jikinsa, sai ya lashe. Wani abokin farautarmu ya shafa wa karnukansa, washegari suna amai suna tangaɗi, ƙaramin cikinsu bai tashi ba. Wanda ya rayu kuma fatarsa ta saɓule. Mu abin da muka gada shi ne a dafa sassaƙen maɗaci a wanke kare da ruwan in ya huce, sannan a daka farar wuta a kwaɓa da man kaɗanya a shafa a inda gashi ya zube. Sabulun kanti ban taɓa sa wa karena ba, ƙamshin ma yana dame musu hanci a daji.

MaiKemis_Fagge:
Baba ya yi gaskiya kan baƙin mai. Kan sabulu kuma, Alhaji, fatar kare daban take da tamu. Fatar mutum tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH wajen 5.5, ta kare kuwa tana kusa da 7 ko sama da haka kaɗan. Kuma saman fatar kare ya fi namu siranta sosai, gashin ne ke ruɗar mutane su ɗauka kauri gare ta. Abin da aka haɗa don jikinmu yana iya yi masa ƙarfi. Ni dai ba zan sayar maka da shi don kare ba.

Maman_Ilham:
Ni magen gidana nake ji. Wata 'yar uwata ta goge tsakar ɗaki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai kauri, irin wanda ke yin fari in an zuba a ruwa, mage ta taka ta lashe ƙafa. Ranar yawu kawai take zubarwa, bakinta duk ya yi ja. Tun daga nan nake tsoron duk wani abu mai wannan warin kusa da dabba.

DaktanDabbobi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni likitar dabbobi ce, bari in ɗan tsawaita.

Amsa a gajarce: wanka ɗaya da sabulun mutane, a ɗauraye sosai, ba zai kashe kare ba. Amma wanka kullum da shi zai ƙara ɓata fatar, kuma ba zai warkar da ƙurajen ba.

Abin da ka kwatanta, ƙuraje masu mugunya a ciki da zobe-zoben da ke ɓarewa a gefe, ya yi kama da ciwon fata na bakteriya. Wadda ta fi kawo shi wata ce daga dangin istafilokokus, kuma dama can tana zaune a jikin kare lafiyayye, a hanci da baki da gindin wutsiya, ba ta yi masa komai. Sai fata ta samu rauni take samun ƙofa. Shi ya sa mu in aka kawo mana irin wannan, tambayarmu ta farko ita ce me ya buɗe mata ƙofar: ƙuma ce, kaska ce, ƙazuwa ce, kwana a kan jiƙaƙƙen buhu ne, ko wani abu ne jikinsa ba ya so yake sa shi susa? In ba a gano wannan ba, ko da wane sabulu aka wanke shi, ƙurajen za su lafa su dawo.

Malam MaiKemis, alƙaluman da ka kawo haka suke, amma ni ban ɗora laifin duka a kan pH ba. Sabulun dunƙule ma'auninsa yana kai 9 zuwa 10, wato ko da fatarmu ma bai dace ba, jurewa kawai take yi. Babbar matsalar guda uku ce. Yana wanke maiƙon da ke kare fatar, ta bushe ta tsage, ƙaiƙayi ya ƙaru, susa ta ƙaru, kun ga ana maganin ƙaba kai yana kumbura. Sannan turare da launin da ake zubawa suna yi wa fatar da ta riga ta yi rauni zafi. Na uku, maganin da ke cikin sabulun kaɗan ne, kuma da an goga ake ɗaurayewa, bai zauna ba balle ya yi aiki.

Abin da muke amfani da shi shamfu ne na karnuka mai sinadarin kuloheksidin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. A jiƙa kare, a shafa ya yi kumfa har ya taɓa fata, a bar shi minti 10 cif ana duba agogo, sannan a ɗauraye tas a tsane shi da tsumma mai tsabta. Sau biyu ko uku a mako. Kada ya shiga ido, kada ya shiga cikin kunne. Ciwon da bai yi zurfi ba sau da yawa wannan kaɗai yana isa cikin mako uku zuwa huɗu, ba sai an kai ga ƙwaya ko allura ba.

Maman Ilham, tsoronki yana kan hanya. Ruwan Dettol da Izal duk akwai dangin sinadarin finol a ciki, hantar mage kuma ba ta iya sarrafa shi yadda tamu ke yi. Kare ya fi mage jurewa, amma shi ma ba a zuba masa a ruwan wanka.

Abban_Sadiq:
Na gode Dakta, Allah ya saka da alheri. Maganar buhu da kika yi ta taɓa ni, don a ƙarƙashin tankin ruwa yake kwana, wurin kuma ba ya bushewa. To yaya zan gane ko ƙuma ce ko ƙazuwa? Ni ban ga komai yana tafiya a jikinsa ba.

DaktanDabbobi:
Alhaji ƙuma tana da sauri, ba lallai ka gan ta ba. A tsayar da shi a kan farar takarda, a taje gashin bayansa kusa da gindin wutsiya. In baƙin gari-gari ya zubo, a ɗiga masa ruwa. Ya koma ja, to kashin ƙuma ne, jinin da ta sha ne.

Ƙazuwa iri biyu muka fi gani. Mai tsananin ƙaiƙayi tana fara cin gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba da ciki, kare ba ya barci don susa. In ka murza gefen kunnensa sai ka ga ƙafar baya ta fara susar iska da kanta. Wannan tana kama sauran karnuka, tana kuma iya sa wa mai riƙe shi ƙaiƙayi a hannu da ciki, don haka ka tambayi yaron ko yana susa. Ɗayar kuma a cikin ramin gashi take zama, ta fi kama kwikwiyo da karen da bai cika shekara ba kamar naka, tana fara zubar da gashi a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba, ba ta cika ƙaiƙayi ba sai bakteriya ta hau kai. Ita ba ta yaɗuwa zuwa mutane. Rarrabe su sai an kankare fatar kaɗan an duba a madubin likita. Aikin 'yan mintuna ne a asibitin dabbobi.

Abu_Maryam:
Ni tambayata daban ce. Musulmi da wankan kare da hannunsa? Ina najasa? Kuma kun san hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum.

Malam_Tukur_Gusau:
Abu Maryam, ka kawo rabin hadisin ka bar rabi. An togace karen farauta da na kiwo da na gona, shi kuwa Alhaji a gidan gona ya ce. Batun najasa kuma akwai saɓani. A mazhabar Malikiyya da muke bi a nan, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki ana yinsa ne don bin umarni. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka tsananta. Kuma kar mu manta da mutumin da aka gafarta wa saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure dabba tana yi masa gadi, haƙƙin lafiyarta yana wuyansa.

Abu_Maryam:
Na ji Malam, amma ni dai hankalina bai kwanta da taɓa yawunsa ba.

Admin_Zainab:
Don Allah a bar fiƙihu a nan, kowa ya ji hujjar kowa. Wanda ke ƙyama ya sa safar hannu ta roba, dama Dakta za ta ce a sa. A koma kan sabulu.

Bulus_Bukuru:
Sannunku. Mu a nan Filato kusan kowane gida da kare, kuma abin da mutane suka fi ɗauka shi ne Tetmosol, ba Dettol ba. Mahaifina da shi yake wanke karnukanmu tun muna yara, kuma gaskiya gashi yana dawowa. Ni ganau ne. Dakta me za ki ce a kan wannan? Shi ma ai sabulun mutane ne.

MaiKemis_Fagge:
Bulus, Tetmosol hanyarsa daban. Sinadarin da aka san shi da shi monosalfiram ne, don ƙazuwar mutane aka yi shi, wato ƙwaron da ke haƙa fata yake kashewa, ba bakteriya ba. In karnukan mahaifinka ƙazuwa ce ke damunsu, ba mamaki a ga sauƙi. In ƙurajen bakteriya ne zalla, ko ƙuma ce sila, an yi wankan banza.

Bulus_Bukuru:
To ai ka ga ke nan ba duk sabulun mutane ne ba ya yi ba. Abin da nake so a yarda da shi ke nan. Wanda ke ƙauye, babu shamfun kare ko a garin da ke kusa, ba za a ce masa ya naɗe hannu ba.

Ɗan_Maraɗi:
Gaskiya Bulus ya taɓo inda ke mana ciwo. Mu nan in ka shiga farmasi ka ce shamfun kare kake nema, dariya za a yi maka. Abin da ke hannun makiyaya shi ne Ivomec na shanu da awaki, shi suke ɗiba su yi wa kare allura da ƙiyasi. Wani ya warke, wani ya kwanta yana rawar jiki ido ya rufe. Na ga ƴan kwikwiyo sun tafi a haka a rugar da ke bayan garinmu. Dakta, in babu shamfun, me mutum zai yi da abin da ke cikin gida?

DaktanDabbobi:
Tambaya mai kyau, Malam na Maraɗi. Ga abin da ake samu kusan ko'ina.

A aske gashin da ke kewaye da ƙurajen da almakashi don iska ta shiga. A tafasa ruwa rabin lita, kimanin ruwan leda ɗaya, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, in ya huce a wanke mugunya da ɓawon da auduga. Sannan a samu ruwan aidin na wanke ciwo, irin wanda ake kira fobidon, ba mai sifirit ɗin nan mai zafi ba, a sirka shi da ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, a shafa safe da yamma. A canza masa wurin kwana zuwa busasshe, tsohon buhun a ƙone shi. Wannan ya fi kowane sabulun wanka amfani a kan ƙuraje.

Allurar shanu kuma gaskiya tana kashe ƙazuwa, mu ma muna amfani da sinadarin, amma da awon nauyin kare ake yi, kuma abin da kare ke buƙata ɗan mitsitsi ne a sirinji. Ba a yi wa ƙananan kwikwiyo, akwai kuma wasu karnukan Turawa na kiwon tumaki da ko kaɗan yana iya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Yanzu akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard da Bravecto da ke kashe ƙuma da kaska da ƙazuwa gaba ɗaya, sai dai tsada.

Baba Sarkin Baka, farar wuta tana da asali, har yau akwai ruwan wankan dabbobi da ake haɗawa da ita. Abin da zan ƙara kawai, man kaɗanya a kan ƙurji mai ruwa yana toshe shi, ya fi dacewa da busasshen wuri.

SarkinBaka_Ningi:
Haka ne 'yata, mu ma ba ma shafawa a kan mai ruwa, sai ya kafe. Kuma a ƙara da wannan: da damina a duba ƙurjin da kyau. In ya yi tudu da ɗan rami a tsakiya, ba ƙurji ba ne, tsutsa ce a ciki. Ƙuda ne ke yin ƙwai a ƙasa inda kare ke kwanciya. A toshe ramin da man shafawa mai kauri, za ta leƙo, a matse ta fito. Wannan ko ka ƙarar da sabulun kanti guda ba ta fita.

Hafsat_Kaduna:
Ni fa wannan "yana kashe kashi 99 na ƙwayoyin cuta" da ake rubutawa a kwali ban taɓa yarda da shi ba. Ko a jikin mutum ma.

MaiKemis_Fagge:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a sabulun wanke hannu da jiki na gida, ciki har da tirikulosan da tirikulokaban, saboda kamfanoni sun kasa kawo hujjar cewa sun fi sabulu na yau da kullum da ruwa amfani, ko cewa ba su da illa in an daɗe ana amfani da su. To abin da bai nuna fifiko a hannun mutum lafiyayye ba, ina zai iya da fatar kare mai mugunya?

Sani_Bakanike:
To na ji an yi min ca a kan baƙin mai. Fiya-fiya fa? Ana ɗiga kaɗan a ruwan wanka saboda kaska.

Admin_Zainab:
Sani, Allah ya shirye ka. Fiya-fiya da ke kashe mutum?

DaktanDabbobi:
Sani, wannan ya fi baƙin mai muni. Yana ratsa fata, balle fatar da ke da ƙuraje a buɗe, kuma mai wankan ma yana shaƙa. Kare zai fara dalalar da yawu, tsoka na rawa, numfashi ya sarƙe. A bar shi.

Tunda ana lissafa abubuwan gida, kada a shafa masa man nan na bilicin ko na ƙaiƙayi masu haɗi uku da mata ke saya. Akwai sitiroyid a ciki, zai kwantar da jan na kwana biyu ka ɗauka an warke, alhali ƙazuwar ramin gashi da makero ƙaruwa suke yi a ƙarƙashinsa. Kada kuma a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasunsu suna huda wa kare ciki su lalata ƙoda.

Bulus_Bukuru:
Wani abu da ba a faɗa ba: karen da jikinsa ke ciwo yana cizo, ko mai shi ne. A ɗaure masa baki da tsumma ko takunkumi kafin a taɓa wurin. Alhaji an yi masa allurar haukan kare kuwa? Mu da yake Vom na kusa da mu, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, mun saba da yi duk shekara.

DaktanDabbobi:
Madalla da Bulus. Kuma a nan ne sabulun Alhaji zai yi aikinsa na gaske. In kare ya ciji yaron ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, kowane irin sabulu ne, sannan a wuce asibiti a ranar, kada a jira a ga yadda karen zai yi.

Alhaji, alamomin da in ka gani ba sauran jinyar gida: ƙurajen suka zama gyambo mai zubar da jini da mugunya, ƙafa ko fuska ta kumbura, ya daina cin abinci, ko an yi mako ana wankewa abin yana yaɗuwa. Wannan ya shiga can cikin fata, sai maganin sha na makonni, kuma likita ne zai zaɓa. Sayen kafso a ba shi na kwana uku a daina shi ke haifar mana da bakteriyar da ba ta jin magani. In kana kusa da Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, in ba haka ba asibitin dabbobi na gwamnatin jiha ya isa a kankare fatar a duba.

Maman_Ilham:
Dakta, sabulun salo fa? Shi ai ba turare ba launi, har jarirai ana yi wa wanka da shi.

MaiKemis_Fagge:
Maman Ilham, da toka ake dafa shi, wani in bai nuna ba har hannu yake ci. Kowace mai dafawa da nata haɗin, ba za ki san ƙarfin wanda kika saya ba.

Bulus_Bukuru:
Ni dai har yanzu ina kan bakata. In kare ya yi birgima a taɓo da kashin shanu, ga ƙuraje a jiki, ba shamfu a kusa, zan wanke shi da sabulun da ke hannuna sau ɗaya in ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan in bi da gishiri da aidin ɗin Dakta. Barin dattin a kan ciwon ya fi sabulun illa.

SarkinBaka_Ningi:
Ruwan ɗumi kaɗai yana fitar da taɓo, Bulus. Ni ban ga abin da zai kai ni ga sabulun ba.

Ɗan_Maraɗi:
Dakta, Savlon ko Purit fa? Na duba kwalbar da ke gidanmu na ga an rubuta wannan kuloheksidin ɗin da kika ce, amma akwai wani sinadarin tare da shi. Ana iya sirkawa a goga a kan ƙurajen, ko shi ma layin Dettol yake bi?